Kujera Shida da Dakali Ɗaya

Wata 'yar rigima nake so in ba ku labarinta yau, wadda na san wasu za su yi dariya in sun ji, domin rigimar kujera ce. An san mutanen Abuja da kokawa a kan kujera, amma tawa ta roba ce, irin wadda ake jerawa a wurin suna da ɗaurin aure. Ta ci min kusan wata tara ina juya ta a raina, ta haɗa ni da uwargida, ta kusa raba ni da ɗaya daga cikin 'yan hayata, kuma ta sa na ji wata magana daga bakin mahaifiyata da ban taɓa ji ba tun da aka haife ni.

Bari in faro daga baya kaɗan. Na yi shekara goma sha huɗu a Manchesta, daga 2002 zuwa 2016, kuma duk tsawon lokacin nan a gidan haya nake. Gida biyar na zauna, tsakanin Longsight da Cheetham Hill. Wanda ya taɓa kama haya a Ingila ya san yadda abin yake: tun a talla za a gaya maka ko gidan da kaya yake, ko da rabin kaya, ko kuwa fanko. Ranar da za ka shiga, a zo da takarda mai shafuka da yawa, an lissafa komai tun daga katifa har cokali, kowanne da halin da yake ciki, ka duba ka sa hannu. A gida na uku da na zauna, layin ƙarshe na takardar cewa ya yi akwai kujerun lambu biyu da tebur ɗaya, kuma ƙafar teburin tana rawa. Dokar can ta 1985 ta ɗora wa mai gida gyaran gini da ruwa da wuta da abin ɗumama ɗaki, ba ta ce ya ba ka kujerar shan iska ba. Shi ya ga dama ya ajiye. Amma tunda ya ajiye, ta shiga lissafi.

A shekara uku da na yi a gidan ban jin na zauna a kujerun nan sau ashirin, don Manchesta gari ne da rana ke leƙowa kamar mai bin bashi. Da zan tashi a 2009 aka ce za a cire wani abu daga kuɗin da na ajiye, wai ɗaya kujerar ta yi funfuna. Allah ya taimake ni, tun watan Afrilu na 2007 doka ta ce kuɗin ajiyar ɗan haya sai an sa shi ƙarƙashin kariyar wata hukuma ta tsakani. Na kai ƙara da hoton da na ɗauka ranar shigata, aka dawo min da kuɗina. Na fito daga wannan da ra'ayi biyu masu karo da juna: na ji daɗin a ce mai gida ya yi tunanin inda zan zauna in sha iska, na kuma ga yadda kujera ɗaya ke iya zama shari'a.

Da na dawo gida na kama haya a Gwarinpa. Kuɗin shekara biyu aka karɓa a dunƙule, ga kashi goma na dillali, ga na lauya, ga kuma wanda suke kira koshan, wai saboda ɓarna. Da na tambayi dillalin ina takardar lissafin kayan da ke cikin gidan, sai ya dube ni ya ce, "Yallaɓai, wane kaya? Ai ga gidan nan kana gani." Gaskiyarsa. Ko ƙwan lantarki babu. Tun daga ranar 'yan'uwana suka laƙa min suna Bature, har yau bai fita ba. A 2022 Sanata Smart Adeyemi ya kawo ƙuduri a majalisar dattawa don a rage wannan biyan kuɗin haya na gaba a Abuja, aka yi ta magana a rediyo, bai zama doka ba. Garin da ake wannan fama, wa zai tsaya zancen kujerar tsakar gida?

To, sai ga shi ni ma na zama mai gida. Da ɗan abin da na tara a can na gina gida mai sassa huɗu a Kubwa, kowanne ɗaki biyu da falo, aka gama a ƙarshen 2022. Ni kuwa har yau ina haya a Gwarinpa saboda makarantar yara, wato da safe ni ɗan haya ne, in na je Kubwa ranar Asabar in zama mai gida. Akwai wani tsohon mangwaro a bayan filin da magini ya so ya sare don ya shimfiɗa intalok har ƙarshen katanga. Na hana. Shi ne kaɗai abin da na yi wa gidan nan wanda ban taɓa da-na-sani a kansa ba.

Mutanen da suka shiga su ne Abuja a taƙaice. Sashe na farko wani ma'aikacin gwamnati ne ɗan Malumfashi, da matarsa da yara uku. Na biyu wata ma'aikaciyar jinya ce 'yar Gboko, da ƙanwarta, ta tashi a Kaduna don haka Hausarta ta fi ta wasunmu. Na uku wani Ibo ne mai sayar da tayil a kasuwar Dei-Dei. Na huɗu samari biyu ne masu aikin banki.

Ranar da abin ya fara, wata Asabar ce a watan Maris na 2024, cikin azumi. Wanda ya yi wannan azumin a Abuja ba sai an tuna masa ba. Zafi kamar a gasa gurasa a kan mota, wuta ba ta tsayawa, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 janareta ya zama abin da ake tayarwa da lissafi. Na isa wajen la'asar na tarar kowa yana waje. Ibon nan yana zaune kan bulo. Samarin suna kan bayan mota. A gindin mangwaro kuwa ga wata tsohuwa zaune a kan bokitin fenti da aka kifa, sandarta jingine da ƙafarta. Mahaifiyar ɗan Malumfashin ce, an kawo ta ganin likita saboda shanyewar ɓarin jiki, kuma likita ya ce ta riƙa fitowa tana ɗan takawa.

Na durƙusa na ce, "Sannu da hutawa, Inna. Ya jiki?"

Ta ce, "Da sauƙi, ɗan nan. Kai ne mai gidan? Allah ya yi albarka. Gida ya yi kyau, sai dai ba a yi wa mutum wurin zama ba."

Ba da faɗa ta faɗa ba, har da murmushinta. Amma har na kama hanyar Gwarinpa maganar tana cina. Na kashe miliyoyi a gidan nan, na haƙa rijiyar burtsatse, na ɗora tanki, na sa waya a kan katanga, na sa kowane sashe mitarsa, ban taɓa tunanin inda mutum zai ajiye jikinsa a waje ba. Ni da na yi shekaru ina ba mutane labarin kujerun lambun Manchesta.

Da na kawo maganar a gida bayan shan ruwa, uwargida ba ta ko ɗaga kai daga kwanon da take zubawa ba. Ta ce, "Malam, in ka sayi kujera yau, gobe za a ce ka sayi tabarma. Ɗanta ba shi da kujera a falo ne?" Na ce kujerar falo kushin ce, ba mai ɗaukar ta kullum. Ta ce to ya sayi ta roba, nawa take? Yayana da na kira a waya ya fi ta zafi. Ya ce, "Kai Bature, gida ka ba da haya ko otal ka buɗe? Masu sa kujera a waje su ne masu gidajen kwana na Maitama da Wuse 2, su kuwa a dare ɗaya suke karɓar abin da kake karɓa a sati biyu." Lauyan da ya rubuta min takardar haya shi ma cewa ya yi dokar da ake aiki da ita a Abuja a kan haya ta fi damuwa da yadda ake ba da notis da yadda ake karɓar gida, wata shida ga mai biyan shekara sannan kwana bakwai, kuma duk abin da ban rubuta a yarjejeniya ba ba wanda zai bi ni shi. Ya ƙara da cewa abin da ka ajiye da hannunka, in ya karye da mutum, kai za a nema.

Dukkansu suna da gaskiya, kuma ban ji maganar kowa ba. Asabar ta gaba na shiga kasuwar Kubwa na sayi kujerun roba shida masu hannu da tebur ɗaya, na jera a gindin mangwaro, na sa maigadi ya rubuta lambar gidan da jan fenti a bayan kowacce. Inna ta sa min albarka har na ji kunya. Na koma gida ina jin kaina kamar wanda ya gina asibiti.

Mai karatu, ga yadda kujerun suka ƙare. Ɗaya ta koma ɗakin maigadi tun makon farko, kuma ban iya cewa komai ba, don da na duba na ga ashe shi ma a kan bulo yake kwana zaune. Biyu aka ara zuwa suna a maƙwabta bayan ƙaramar salla, ɗaya ta dawo, ɗayar kuma da ta dawo ba tamu ba ce, wata tsohuwa ce mai tsage a baya. Ɗaya ta karye da wani baƙon Ibon nan, mutum mai jiki, ya faɗi ya gurɗe hannu, aka kai shi ɗauri. Nan rigima ta farko ta tashi: Ibon ya ce kujerar da ma rana ta cinye ta, ni na ce wata biyu kacal ta yi, ɗan Malumfashi ya ce kada a taɓa koshan ɗin kowa tunda ba wanda ya roƙi a sayo. Na biya kuɗin ɗaurin na yi shiru. Teburin kuwa yara suka mayar da shi ragar ƙwallo.

Duk wannan asarar kuɗi ce, kuma ba ta kai ta hana ni barci ba. Abin da ya hana ni barci shi ne kujerun suna da ƙafa. Da damina ta sauka gindin mangwaro ya yi laima, sai sauran kujerun suka tashi suka koma bakin get, inda akwai 'yar rumfar maigadi. Kafin a ankara an buɗe majalisa. Abokan samarin, abokan maigadi, wani mai gyaran janareta, wani da har yau ban san ko waye ba. Ana buga ludo, ana kallon ƙwallo a waya, ana musun siyasa har sha biyun dare, wasu kuma su dawo da sassafe. Inna, wadda don ita aka sayi kujerun, ta koma kan bokitinta a baranda.

Wata safiya ma'aikaciyar jinyar nan ta kira ni. Ta ce, "Oga, ni gida na biya wa kuɗi. Ban biya don in dawo daga aikin dare in ratsa ta tsakiyar maza takwas kafin in kai ƙofata ba. Ƙanwata ta daina fita sayen burodi. In haka za a ci gaba, kuɗina na ƙarewa zan tashi." Ita ce wadda ba ta taɓa jinkirta min ko kwana ɗaya ba. Daga baya na ji matar ɗan Malumfashin ma ta daina shanya a igiyar da ke kusa da get, a bayan taga take rataye kayan yara.

A daren nan na kira mahaifiyata a Zariya, ina mita. Na ce ni abin da nake so in yi shi ne irin na gidanmu na Kwarbai, inda akwai dakali a ƙofar zaure, Baba da abokansa suna zama bayan la'asar, kowa ya wuce a gaisa, ba a taɓa jin rigima ba. Ta yi dariya mai tsawo, sannan ta ce, "Kai ka ji daɗin dakalin nan, don kai namiji ne. Ni shekara talatin ina lissafin lokacin fita saboda shi. In zan je barka ko gaisuwa sai in jira su tashi salla, ko in cire takalmi in riƙe a hannu in durƙusa wa mutum bakwai ɗaya bayan ɗaya. Ka tambayi yayyenka mata." Ban taɓa sani ba. Na girma ina ganin dakalin nan a matsayin mafi kyawun abu a gidanmu, shi nake tunawa a duk daren sanyin Manchesta, ashe rabin mutanen gidan shinge ne a wurinsu. Ta ce amma su ma suna da nasu wurin, gindin durumin tsakar gida, da tabarmi da kujerun tsugunno, kuma namiji ba ya zuwa nan sai da sallama.

Daga nan na daina tambayar kaina ko wajibi ne ko ba wajibi ba, don wannan lauya ya riga ya amsa. Na koma tambayar me ya sa ba wanda ya taɓa musu da ni a kan tanki, ko fitilar tsakar gida, ko get. Ba wata doka da na karanta kafin in sa su. Na sa su ne don abubuwa ne da gida huɗu ke amfani da su tare, kuma ɗan haya ba zai saya ba tunda ba zai ɗauka ya tafi da su ba. Da gida guda ne mai katangarsa na ba mutum ɗaya, da maganar uwargida ta zauna daram: farfajiyarsa ce, ya sa abin da yake so, ni ba ruwana. Amma tsakar gidan da mutum huɗu suka haɗa ba ta kowa ba ce a cikinsu. Duk wanda ya sayi kujera ya ajiye a nan ya saya wa wasu, duk wanda kuma ya ajiye tasa a wani wuri ya kama wurin. Mai gida kaɗai ke da bakin da zai ce a zauna nan, kada a zauna can. Na riga na yi wannan hukuncin ba tare da na sani ba ranar da na sayo abin da ake iya ɗauka, na bar wa masu ƙarfi su zaɓi wurin.

Kuma a Zariya ba wanda ke lissafa dakali cikin kayan gida. Magini ne ke yin sa tare da bango, da ƙasa ɗaya. Abuja ce ba ta san shi ba. Garin da aka yanke shawarar ginawa a 1976 zamanin Murtala, aka zana a takarda a 1979, gwamnati ta tare a cikinsa a Disamban 1991, an tsara masa inda mota za ta bi da inda za a bar ciyawa, an ware wuraren shaƙatawa a unguwanni, wanda da yawansu suka zama wurin gasa kifi da sayar da abin sha. Ga Millennium Park da Sarauniyar Ingila ta buɗe a 2003, wuri mai kyau ƙwarai, amma wace tsohuwa mai sanda za ta taso daga Kubwa ta je can don ta sha iskar la'asar? Mu kuma masu gini, kowa ya ja katanga har iyakar filinsa, ya shafe ƙasa da siminti don motoci, ya ce ya gama. Ko da na so in yi dakali a waje irin na Kwarbai, wajen katanga ba nawa ba ne, kuma duk wanda ya ga rusau na zamanin El-Rufa'i, 2003 zuwa 2007, ba ya wasa da ɗora bulo a inda takardarsa ba ta kai ba.

Na ɗan yi tunanin bencin katako, har na je Kugbo na yi tambaya. Kafintan da kansa ya ce in dai a waje zai kwana, tsakanin gara da ruwan Abuja na wata shida, in shirya sayen wani bayan shekara biyu. Na ƙarfe kuma tsatsa, ga zafi da rana, ga masu sayen ƙarfe suna yawo da kura.

Abin da na yi a ƙarshe shi ne na tara su duka wata Asabar, har da matan, na ce ga abin da nake so in yi, kowa ya faɗi nasa. Dakali na bulo da siminti a gindin mangwaro, can baya, nesa da get da igiyar shanya, mai kusurwa yadda mutum shida za su zauna ba tare da sun haɗa gwiwa ba, da majingina. Ma'aikaciyar jinyar ce ta ce a ɗaga shi ya fi kujerar falo tsayi kaɗan kuma a sa ƙarfen dafawa a gefe ɗaya, don mai ciwon ƙafa zama ba ya ba shi wuya kamar tashi. Ban da ita da ban san wannan ba. Matar ɗan Malumfashin, ta bakin mijinta, ta ce a zuba tsakuwa a ƙasan don laima. Ibon ya ce zai ba da ragowar tayil kyauta, kuma ya bayar, kala uku ne ba su dace da juna ba, amma an sa. Samarin ba su ce komai ba sai da aka zo kan baƙi, nan muka ɗan ja, aka tsaya a kan cewa baƙo yana zama in wanda ya zo wurinsa yana nan, kuma ƙarfe goma na dare kowa ya shiga ɗaki. Bakin get kujera ɗaya ce, ta maigadi, mai walda ya yi ta ya kafe ta a ƙasa. Ragowar na roba biyu na sa a mota na kai masallacin unguwa.

A shekarar buhun siminti ya haura naira dubu goma, don haka aikin ya ci fiye da abin da na faɗa wa uwargida, kuma ta sani. Ban ƙara wa kowa kuɗin haya saboda shi ba. Lauya ya ƙara layi uku a yarjejeniya: dakalin na gida ne, gyaransa a kaina, sharar wurin a kan masu zama. Ya ce a shekarunsa na aiki bai taɓa rubuta kalmar dakali a takarda ba, sai da ya tambaye ni yadda za a faɗe ta da Turanci, muka rasa, ya rubuta ta yadda take.

Sai da ruwa ya ɗauke aka yi aikin, a watan Nuwamba. Inna kuwa tun bayan babbar salla ta matsa a mayar da ita Malumfashi, ta ce ta gaji da garin da ba a jin sallamar kowa. Ba ta taɓa zama a kai ba. Ɗanta ya nuna mata hoto a waya da ya je gida, ya ce ta duba ta duba, ta ce ya yi, amma a shimfiɗa tabarma don siminti yana sa ciwon ƙugu. Uwargida da ta ji wannan ba ta ce komai ba, kallona kawai ta yi.

Ma'aikaciyar jinyar ta sabunta hayarta. Nakan tarar da ita da matar ɗan Malumfashin a wurin da hantsi suna gyaran alayyafo, da yamma kuma mazan su karɓa. Ba ni na tsara musu haka ba. Mangwaron yana zubar da 'ya'ya a kan mutane, jemagu kuma suna ɓata tayil ɗin Ibo, maigadi yana mitar wanki. Asabar ɗin da ta wuce ɗaya daga cikin samarin ya biyo ni har mota, ya ce, "Oga, wurin nan fa ya yi, sai dai in ana ruwa ba ya zaunuwa. Da za a ɗan yi masa rumfa." Na ce ya bari damina ta wuce mu gani. Ban gaya wa uwargida ba tukuna.